Katanga Ɗaya, Aiki Biyu: Wutar Lantarki Daga Igiyar Teku da Abin da Ya Shafi Kwarin Rima

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin Matan Fada a Argungu ranar su, ya ga abin da wannan maƙala za ta yi magana a kai, ko da kuwa bai taɓa ganin teku ba. Idan dubban masunta suka auka cikin gulbi gaba ɗaya, ruwan yakan tashi ya kwanta, gorunan da ke bisa kansa su ma su riƙa tashi suna kwantawa, amma ba su barin inda suke. Abin da ke tafiya daga tsakiyar gulbi zuwa gaɓa motsin ruwan ne, ba ruwan kansa ba, shi ne kuma ke isa bakin gaɓa ya gutsuri ƙasa. Wannan motsi mai cin gaɓa shi ne masana suka daɗe suna neman dabarar da za su kama shi su mai da shi wutar lantarki, ta yadda gini guda zai tsare gari daga ruwa, ya kuma ba shi haske.

Mai karatu yana iya tambaya, ina ruwan mutumin Birnin Kebbi da teku, alhali tsakaninsa da ita akwai tafiyar fiye da kilomita 600? Amsa ta farko ita ce, ruwan da ke bi ta ƙofar gidanmu can yake ƙarewa. Ta biyu, wadda ta fi nauyi, ita ce mu ma a kwarin Rima muna da namu gine-ginen da aka ɗora wa aiki biyu ko uku, watau madatsun ruwa, an kuwa yi mana alkawari da su irin wanda ake yi wa mazauna bakin teku a yau. Manufata ita ce in nuna cewa a teku ayyukan nan biyu suna tafiya tare cikin jituwa, amma a gulbi sukan ja wa juna, kuma rashin lura da wannan bambanci ya ci mana shinkafa da kifi, har da rayuka.

Kafin in ci gaba, akwai batun suna. Hausawa na kiran wannan motsi na ruwa igiyar ruwa, wasu su ce raƙumin ruwa, wasu taguwar ruwa. Biyu na ƙarshe sun kwatanta shi da tozon raƙumi, kwatanci ne mai kyau ƙwarai, amma na zaɓi igiya domin ita ta fi nuna abu mai tsawo da ke zuwa jere-jere. Malamanmu na nazarin harshe suna iya yanke hukuncin da ya fi wannan.

Asalin ƙarfin igiya

Rana ce uwar al'amarin. Ita ke gasa wani sashe na duniya fiye da wani, sai iska ta taso daga wuri zuwa wuri, iskar kuma ta riƙa shafar fuskar teku tana tura ta. In iska ta yi ƙarfi, ta daɗe tana busawa, ta kuma sami fili mai faɗi, sai igiya ta girma. Da zarar ta girma, tana iya tafiyar dubban kilomita ba tare da ta yi asarar ƙarfi mai yawa ba. Igiyar da ke dukan gaɓar Ikko da Kwatano, galibinta guguwar kudancin Tekun Atlantika ce ta haife ta kwanaki da dama kafin ta iso.

Abubuwa biyu ne suka sa masana kwaɗayin wannan ƙarfi. Na ɗaya, ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, saboda haka ɗan motsinsa na ɗauke da ƙarfi mai yawa. Na biyu, ƙarfin igiya ba ya ƙaruwa daidai da tsayinta, yana ninkawa ne: in tsayi ya ninka sau 2, ƙarfi ya ninka sau 4, in ya ninka sau 3, ƙarfi ya ninka sau 9. A lissafin da masana ke amfani da shi, igiya mai tsayin mita 2 da ke zuwa bayan kowace daƙiƙa 10 tana ɗauke da kimanin kilowat 20 a kowace mita guda ta faɗinta. Sai dai wannan ninki shi ne kuma masifar aikin. Injin da aka ƙera domin igiyar mita 2, ranar da hadari ya kawo ta mita 8, zai gamu da ƙarfi ninki 16 ko fiye, ga gishirin teku da ke cin ƙarfe dare da rana.

Samar da wutar kanta ba sabon abu ba ne. Tun 1831 Michael Faraday ya nuna cewa in aka motsa mayen ƙarfe kusa da naɗaɗɗiyar waya, lantarki zai gudana a cikinta. Wanda ya san fitilar keke mai jingina da taya ya san wannan. Abin da ake nema kullum shi ne abin da zai juya janareta, ko ruwa mai faɗowa ne, ko tururi, ko injin gas. Matsalar igiya ita ce ba juyawa take yi ba, tashi take ta sauka.

Zugazugin maƙera a cikin katanga

An gwada dabaru da yawa. Wani tsohon sojan ruwan Japan mai suna Yoshio Masuda ya ƙera fitilun nuna wa jiragen ruwa hanya masu samun wuta daga igiya, aka fara amfani da su a shekarun 1960. Bayan tashin farashin mai na 1973, Stephen Salter na Jami'ar Edinbara ya fito da wata na'ura a 1974 da aka yi wa laƙabi da agwagwa, saboda yadda take gyaɗa kai a bisa ruwa. A ɗakin gwaji ta kama kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin igiya, amma gwamnatin Birtaniya ta janye kuɗin shirin a 1982. A 2008 an girka wasu injuna 3 masu kama da maciji, ƙirar kamfanin Pelamis, a gaɓar ƙasar Fotugal, ba su daɗe ba aka jawo su tudu, kamfanin kuma ya durƙushe a 2014. Tarihin wannan fanni cike yake da irin wannan labari.

Dabarar da ta fi jure wa zamani ita ce mafi sauƙi, kuma duk wanda ya taɓa zama a maƙera zai gane ta nan take. Ana gina ɗaki na kankare a bakin teku, ƙofarsa tana ƙarƙashin ruwa, samansa kuwa a rufe sai ƙaramar kafa guda. In igiya ta zo, ruwan da ke cikin ɗakin sai ya tashi ya matse iskar da ke sama, iskar ta fita ta kafar nan da ƙarfi. In igiya ta koma, ruwan ya sauka, sai iska ta sake shigowa da ƙarfi. Zugazugi ke nan, teku ce mai zuga. A cikin kafar ake sa farfela mai juya janareta. To amma iskar da ke fita ta shiga, ai za ta juya farfela gaba ta juya ta baya? Wannan ƙulli Farfesa Alan Wells na Jami'ar Queen's ta Belfast ya kwance shi a shekarun 1970, da ya ƙera farfela wadda fukafukanta siffarsu ɗaya ce ta gaba da ta baya, ta yadda ko daga ina iska ta zo, gefe guda take juyawa. Alfanun wannan tsari shi ne babu wani ƙarfe mai motsi a cikin ruwan gishiri. Injin yana sama, inda makaniki zai isa gare shi da ƙafa.

A nan ne batun tsare gaɓa ya shigo. Duk tashar jiragen ruwa tana bukatar katangar da za ta karya igiya, kuma ita katangar ce ke cin mafi yawan kuɗi. In dai tilas za a gina ta, me zai hana a bar ɗakunan iska a cikinta? Japan ta gwada haka a tashar Sakata a 1989. Misalin da ya fi shahara yana garin Mutriku, wani ƙaramin garin masunta a yankin Bas na arewacin Sifen, inda igiya ta daɗe tana wahalar da jiragen da ke shiga tasha. Da aka tashi gina sabuwar katanga mai tsawon mita 440, sai aka sa ɗakuna 16 a cikinta, kowane da farfelarsa mai kilowat 18.5, jimilla kilowat 296. An buɗe tashar a watan Yuli 2011.

Ya kamata a faɗi gaskiya game da yawan wutar. Zuwa 2020 tashar ta ba da jimillar awa-kilowat miliyan 2, watau abin da ta samar a shekara 9 bai kai abin da za ta samar a shekara guda ba da a ce injunanta na aiki da cikakken ƙarfi dare da rana. Madatsar Kainji an girka mata injuna masu megawat 760, fiye da ninki 2,500 na Mutriku. Ga kuma ƙara, don iskar da ke ratsa kafofin nan tana da kuka mai damun maƙwabta, sai da aka yi aikin rage ta. Duk da haka akwai abu guda da ba a iya ƙwace wa wannan tsari. Duk ƙarfin da farfela ta ɗiba, ƙarfi ne da igiya ta rasa, wanda da zai daki katanga ko ya koma ya tayar da ruwan tasha. Injiniyan wuta da injiniyan tsare gaɓa buƙatarsu ɗaya ce, ba wanda ribarsa ke zama asarar ɗan'uwansa.

Gaɓarmu

Nijeriya na da gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 853, kuma teku na cin ta. Igiyar da ke zuwa daga kudu maso yamma tana dukan gaɓa a karkace, saboda haka tana tura rairayi daga yamma zuwa gabas, kamar gulbin yashi marar ƙarewa. Tsakanin 1908 da 1912 Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗa katangun duwatsu a bakin tashar Ikko don kada yashi ya toshe wa jirage hanya. Tasha ta buɗe, amma yashi ya taru a yamma, gabas kuwa ta rasa mai ciyar da ita, sai teku ta shiga cin bakin ruwan Bar Beach shekara da shekaru, har ta riƙa hawa titin Ahmadu Bello da ke tsibirin Biktoriya. Daga 2008 aka fara cike wurin domin gina unguwar Eko Atlantic, tare da katangar da aka tsara za ta kai kilomita 8.5, ta manyan dunƙulen kankare masu nauyin tan 5 kowane. Wannan katanga tana karya igiya, amma ba ta ba da ko ƙwayar wuta. A garin Ayetoro na Jihar Ondo kuwa, inda babu masu kuɗin gina irinta, teku ta riga ta haɗiye unguwanni.

Darasin Ikko shi ne ko a teku jituwar nan tana da iyaka. Duk abin da ya tare igiya ya tare yashin da take ɗauke da shi, kuma wanda ke gaba shi ke biya. Haka ma madatsar gulbi tana iya cin gaɓar teku daga nesa: tun da aka datse kogin Bolta a Akosombo a 1965, yashin da yake kaiwa teku ya ragu, abin da ake ƙirgawa cikin dalilan da suka tsananta zaizayar garin Keta a Gana. Wannan ne ya dawo da mu gida.

Ruwan Argungu da wutar Birnin Kebbi

Gulbin Rima yana tattara ruwan Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi, ya haɗu da Gulbin Sakkwato kusa da birnin Sakkwato, sa'an nan ya gangaro ta Silame da Augie da Argungu da Birnin Kebbi, ya karɓi Gulbin Zamfara a wajen Bunza, ya karɓi Gulbin Ka, ya faɗa Kwara. Daga nan sai tafkin Kainji. Kwara tana cika sau biyu a shekara. Akwai farar cika ta watan Agusta zuwa Oktoba, mai launin laka, wadda ruwan saman yankinmu ke kawowa, akwai kuma baƙar cika mai garau da ke isowa da hunturu daga duwatsun ƙasar Gini. Ruwan da ya wanke homar masuncin Argungu yana cikin ta farin. Yana ratsa injunan Kainji, waɗanda suka fara aiki a 1968, ya sake ratsa na Jebba, kafin ya kai teku. Wutar kuma ta hau babbar waya mai bolt 330,000 ta dawo Birnin Kebbi, inda ake rarraba ta zuwa Sakkwato, da kuma Doso da Yamai a Jamhuriyar Nijar ta wayar da aka shimfiɗa a 1976. Ashe mu ma mun daɗe muna shan wuta daga motsin ruwanmu, kodayake sai ya yi mana nisa kafin ya ba da ita. Kuɗin da aka biya kuwa ba kaɗan ba ne: fiye da mutum 40,000 aka tasa daga tsohuwar Busa da ƙauyukan ƙasar Yawuri, cikinsu har da Gungawa mazauna tsibirai.

Me ya sa ba a kama ƙarfin tun a Argungu ba? Saboda ƙarfin gulbi ya dogara ga abu biyu, yawan ruwa da tsayin faɗuwarsa. Mita kubik guda na ruwa a kowace daƙiƙa, in ya faɗo daga tsayin mita 10, yana ɗauke da kilowat 98, in an cire asarar inji a sami wajen 80. Fadamar Rima kuwa shimfiɗe take kamar faifai, ruwanta yana da yawa da damina amma ba shi da gangara, da rani kuma ya janye ya bar tafkuna. Don a sami faɗuwa, kuma a sami ruwa duk shekara, tilas a datse gulbi a tara. Igiyar teku ba a tara ta, a inda ta iso ake kama ta. Wannan shi ne tushen bambancin.

Inda aiki biyu ke ja wa juna

An kafa Hukumar Raya Kwarin Sakkwato da Rima a 1973, a tsakiyar babban farin da ya halaka dabbobi a ƙasar Hausa da Sahel, lokacin da tara ruwa ya zama kamar maganin kowace cuta. An gama madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara a 1978, mai ɗaukar ruwa mita kubik miliyan 450, aka tanadar mata ƙaramin injin wuta na megawat 3. An gama ta Goronyo a kan Rima a 1984, jinga ce ta ƙasa mai tsawon kilomita 12.5, tana ɗaukar fiye da mita kubik miliyan 900. Manufofinsu su ne noman rani da ruwan sha da rage ambaliya.

To, sa kanka a matsayin mai riƙe da makullin ƙofofin irin wannan madatsa a watan Agusta. Mai noman rani da mai ruwan famfo da mai injin wuta suna so ka cika tafki maƙil, don abin da ka tara yanzu shi za a sha har watan Mayu. Mai gida a bakin gulbi kuwa yana so ka bar tafkin da sauran wuri, don in babban ruwa ya zo ya sami inda zai zauna. Ba a cika tulu a kuma bar shi wofi. Ba ka san ruwan da Satumba za ta kawo ba. In ka cika da wuri, ruwa ya zo da yawa, ba ka da zaɓi sai ka saki, ruwan da ka saki kuma ya hau kan wanda sama ke zubarwa. In ka bar wuri, damina ta ɗauke da wuri, ka shiga rani da rabin tafki. Goronyo ta ga fuska biyun duka. A watan Satumba 2010 ruwa ya fi ƙarfinta, ambaliya ta share ƙauyuka daga Goronyo har ƙasar Kabi, ta yanke hanyar da ta haɗa Sakkwato da mazaunin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A farkon 2018 kuwa tafkin ya ƙafe har ya koma kimanin kashi 10 cikin 100 na abin da yake ɗauka, saboda ƙarancin ruwan sama da kuma laka da ta cika cikinsa. Wannan laka, a lura, ita ce takin da da can take kwanciya a gonakin fadama.

Akwai kuma mutum na uku, wanda masu zane a ofis suka fi mantawa da shi, shi ne wanda ambaliya ce abincinsa. Mazaunin bakin teku ba shi da wani amfani da igiyar da ke rushe masa gida, in an kashe ta ya huta. Bakabe ba haka yake da cikar gulbi ba. Shinkafar gargajiya ta fadama ana shuka ta da ruwan farko, ta riƙa tsawo tana bin ruwa yayin da yake hawa a hankali, a girbe ta bayan ya janye. Kifi, giwan ruwa da tarwaɗa da karfasa da kurungu, yana bin cikar ne ya shiga ciyayi ya yi ƙwai, 'ya'yan su girma a ruwa marar zurfi, sa'an nan su taru a tafkunan da Sarkin Ruwa ke hana taɓawa sai lokacin su. Ruwan da ya kwanta a fadama shi ke nutsewa ya cika rijiyoyin da mai albasa da barkono ke ban ruwa da su da rani. Bikin kamun kifi da aka fara a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, wanda kuma hukumar UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2016, duk a kan wannan hawa da sauka na ruwa ya tsayu. Abin da Bakabe ke tsoro shi ne ruwan da ya zo farat ɗaya ya shanye shuka, ko wanda bai zo ba sam.

Ba zato ba ne wannan. Wani masanin labarin ƙasa na Jami'ar Kambirij, William Adams, ya bi ƙauyukan da ke ƙasa da Bakolori a farkon shekarun 1980, ya tarar cikar gulbi ta ragu a faɗi da zurfi da daɗewa, manoma sun bar shinkafa sun koma gero da dawa, noman rani na gargajiya ya ja baya, masunta da yawa sun bar sana'a ko sun yi ƙaura. Waɗanda ke sama da madatsar kuwa, waɗanda tafki da aikin share fili suka cinye gonakinsu, sun tare hanyoyin aikin suna neman diyya, a watan Afrilu 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Gwamnati ta ce mutane kaɗan ne suka mutu, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne.

Jinga ma, wadda ita ce 'yar'uwar katangar teku a wurinmu, tana da irin wannan hali. Tun ƙarshen shekarun 1960 ake maganar aikin Zauro, watau a kewaye fiye da hekta 10,000 na fadamar da ke tsakanin Argungu da Birnin Kebbi da jinga, a hana ambaliya shiga, a riƙa ban ruwa da na Goronyo. An yi ɗan filin gwaji a farkon shekarun 1980. Tunani ne mai ma'ana ga gonar da ke cikin jinga. Amma ruwan da aka hana shiga nan bai ɓace ba, zai matsu ya ƙara tsayi, ya faɗa wa wanda ke ƙetare ko wanda ke gaba, kamar dai yadda katangun tashar Ikko suka yi wa Bar Beach. Katangar Mutriku tana rage ƙarfin ruwa ne, jinga kuwa tura shi take yi wurin maƙwabci.

Abin da ke cikin hatsari a yau ya fi na 1980 yawa. Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a watan Nuwamba 2015, fadama ta cika da jari, an kafa manyan injunan casa irin WACOT a Argungu, wanda aka buɗe a 2017, dukansu masu buƙatar wuta. A daminar 2020 ambaliya ta sake zuwa, hukumar agajin gaggawa ta jiha ta ce ta shafe kimanin hekta 450,000 na shinkafa, galibi ta manoman da ke da bashi a wuya.

To ko za a iya samun wuta daga madatsunmu ba tare da an ƙara rura wannan rikici ba? A ganina ana iya, in an yarda wutar ta zama bara ba uwar gida ba. A ɗauki misali don lissafi kawai: in madatsa tana sakin mita kubik 30 a daƙiƙa saboda masu ban ruwa, daga tsayin mita 10, injin da aka sa a bakin mafitar zai ba da wajen kilowat 2,400. Wannan ya ninka Mutriku sau 8, amma bai kai kashi 1 cikin 300 na Kainji ba, kuma sakin haka na wata 6 zai ci kusan rabin tafki irin na Goronyo. Wuta ce da za ta ishi 'yan garuruwa da injunan tura ruwa, ba ta riƙe jiha ba. Sharaɗinta shi ne injin ya karɓi ruwan da aka riga aka saki domin manomi da masunci, kamar yadda farfelar Mutriku ke karɓar igiyar da ta zo don kanta. Ranar da aka fara riƙe ruwa ko sakinsa saboda buƙatar inji, an ƙara mutum na huɗu a cikin masu jan hannun mai makulli.

Ragowar buƙatar kuwa ba lalle ne ta fito daga gulbi ba. Na faɗa a baya cewa rana ce uwar igiya. Mu da ba mu da igiya muna da uwar. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu 2023, manoman fadama da ke jawo ruwa daga rijiyoyin burtsatse da ƙananan injuna sun fara komawa ga na iskar gas da na hasken rana. Injin hasken rana ya fi ƙarfi a watannin Maris da Afrilu, daidai lokacin da shinkafar rani ta fi jin ƙishi, gulbi kuma ya fi ƙanƙancewa. Sai dai ruwan da yake jawowa daga ƙarƙashin fadama, cikar bara ce ta ajiye shi a can.